Zaburar farkon barci: abin da takardar gefen gado ta nuna min

Barci ya fara fizgata ke nan sai in ji kamar na taka matakalar da babu ita, ƙafar dama ta kai shuri, gabana ya faɗi, idona ya bushe. Da abin ya yawaita, sai na ajiye takarda a gefen gado. Kullum da safe nakan rubuta ƙarfe nawa na sha kofi na ƙarshe, awa nawa na yi barci, da ko na zabura.

A mintunan farko na gyangyaɗi tsokoki suna saki, numfashi yana lafawa, amma sashen ƙwaƙwalwar da ke riƙe mutum a farke bai gama sakin linzami ba. A wannan tsakanin ne saƙo kan kufce zuwa tsoka, ta fizga sau ɗaya, ko daƙiƙa guda ba ta kaiwa. Dangin shaƙuwa ce. Kusan mutum 7 cikin 10 suna yin ta, kuma ita kaɗai ba cuta ba ce.

A makon farko na yi garaje, don rage zaburar na canja abu uku cikin halayena a lokaci guda, na rasa wanne ya yi aiki. Dole na koma canja ɗaya duk mako.

Kofi ne asirinsa ya fara tonuwa. Kofi ɗaya yana ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke hana barci, kusan miligiram 95, jiki kuma sai ya yi kamar awa 5 kafin ya fitar da rabi. Wanda ya sha da ƙarfe 5 na yamma, a ƙarfe 10 na dare rabin yana nan a jininsa. Na mayar da na ƙarshe kafin ƙarfe 2 na rana. Bashin barci ma ba baya ba, daren da ya biyo bayan barcin awa 5 ya fi kowanne zabura. Sigari da motsa jiki mai tsanani dab da kwanciya suna cikin masu laifi. Mafi wuyar magancewa a cikinsu kuwa shi ne kwanciya da fargaba ana jiran zaburar.

Akwai masu kama da ita da ke buƙatar likita: ƙafar da ke shure-shure duk daƙiƙa 20 zuwa 40 cikin barci, da fizgar safiya bayan an tashi, har abu ya suɓuce daga hannu, don wannan na iya zama farfaɗiya. In kuma ta soma bayan sabon maganin ciwon damuwa, kada a daina shan sa sai da shawarar wanda ya rubuta shi.