Kwalliyar Wurin Biki: Abin da Hannu Zai Iya da Abin da Sai an Kira Mai Sana'a

Sana'ata ita ce ƙawata wuraren biki, kuma mu biyar ne a ɗan kamfanin namu, tare da ɗakin ajiya guda cike da labulaye da ƙarafa da fitilu. Mutane kan yi mamaki idan suka ji ina ba masu shirin aure shawarar su haɗa wani ɓangare na kwalliyar da kansu, domin a ganinsu ina rage wa kaina ciniki ne. Gaskiyar magana ita ce, kaso mafi tsoka na abin da ake biyan mu ladan lokaci ne da ƙwarewa, kayan kuwa nasu kaɗan ne, saboda haka duk aikin da amarya da ƙawayenta za su iya zama su gama tun saura makonni, ban ga dalilin da zai sa su biya ni in yi shi ba.

Irin wannan aikin shi ne na tebur: furannin takarda, ƙananan kwalaben da aka naɗe da kintinkiri, katunan sunayen baƙi, da ɗaurin kyaututtukan da ake rabawa. Almakashi da bindigar gam da haƙuri sun isa. Abin da nake roƙon kowa ya fara yi shi ne ya haɗa guda ɗaya yana duba agogo, sannan ya ninka. Idan furen takarda ɗaya ya ci minti 10, guda 200 za su ci fiye da awa 33, kuma wannan lissafin ne yake nuna ko aikin na mutum ɗaya ne ko sai an tara hannuwa. Da yawa sukan tsallake shi, sai ka same su a daren jajibiri suna fama da gam, idanu sun yi ja. Haka nan adon tsakiyar tebur bai kamata ya wuce kamar santimita 30 ba, in ba haka ba baƙi za su wuni suna leƙen juna ta gefen fure.

A wajen yadi ne aka fi tafka asara, kuma kusan kullum rashin awo ne sanadi. Tebur mai zagaye wanda faɗinsa santimita 150 ne, tsayinsa kuma 75, yana buƙatar mayafi mai faɗin santimita 300 kafin ya sauka har ƙasa ta kowane gefe. Labulen bayan kujerar ango da amarya kuwa, idan ana son ya yi tattara mai kyau, sai yadin ya ninka faɗin wurin sau biyu zuwa uku. Wanda ya sayo daidai faɗin bango zai ga ya rataye kamar zanen gado da aka shanya. A sayi yadin duka a lokaci guda, domin launi ɗaya daga rini daban-daban yakan saɓa, kuma hasken fitila da kyamara ba sa rufa wa wannan saɓanin asiri. Ni a ganina ma, mayafan tebur da rigunan kujeru haya ta fi musu, tun da bayan biki babu abin da mutum zai yi da rigunan kujera 150 sai dai su cika masa ɗaki, ga wanki da guga kafin a yi amfani da su.

Balan-balan da ɗanyen fure suna da nasu hali, wato ba sa jira. Balan-balan na roba da aka cika da iskar hiliyam yakan fara saukowa cikin yini guda, don haka ba a hura shi tun jiya, amma wanda aka hura da iskar famfo yakan yi kwanaki muddin rana ba ta doke shi ba. Ɗanyen fure kuma sai an yanke ƙasan karansa a karkace, an cire ganyen da zai nutse cikin ruwa, an ajiye shi a wuri mai sanyi. Koren soson da ake soke furanni a ciki, a bar shi ya sha ruwa ya nutse da kansa, domin idan aka danna shi da hannu cikinsa yakan kasance a bushe, furen ya yanƙwane kafin baƙi su zauna.

Inda nake taka wa mutane burki shi ne duk abin da ya shafi tsayi, nauyi ko wutar lantarki. Na taɓa isa wani zaure inda 'yan'uwan ango suka kafa ƙarfen labule da kansu ba tare da sun danne ƙafafunsa da buhunan yashi ba. Ana buɗe babbar ƙofa iska ta shigo, labulen ya kife a kan tebur, Allah ya taimaka babu kowa a wurin. Kyandir kusa da yadi haɗari ne, fitilun LED kuwa ba sa zafi sosai kuma ba sa jan wuta da yawa, amma duk da haka a ce wanda ya san aikin ne ya ja wayoyin ya ɓoye su daga hanyar masu wucewa. A kuma tambayi masu zauren tun da wuri ko sun yarda a buga ƙusa ko a manna wani abu a bango, da ƙarfe nawa za a buɗe ƙofa, domin wani lokaci awa uku kawai ake samu.

Sai kuma kwashe kaya, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Idan taro ya watse, kowa ya gaji, dole wani ya hau tsani ya sauke abin da aka rataya kafin wa'adin zauren ya cika. Shi ya sa idan iyali suka zaɓi mu raba aikin, nakan nemi su rubuta mini sunayen mutum uku da za su tsaya har ƙarshe, in karɓi kayan da suka haɗa cikin kwalaye masu lambar tebur kwana biyu kafin biki, mu kuma mu zo da tsani da ƙarafa da fitilu.