Rajistar gardin dare

A shekarata ta ƙarshe a makaranta aka tura ni koyon aiki wani ɗakin haihuwa a nan Yamai. Na iya sa safar hannu, na iya yanke cibiya, amma rubutu ya zame mini ƙaya. Takardar bin naƙuda tana so a rubuta bugun zuciyar jariri duk rabin awa. Ni kuwa sai asuba ta yi in zauna in cike gurabun da ka, 140, 140, 138, da biro ɗaya.

Wata tsohuwar ungozoma ce ta kama ni. Ta ɗaga takardar kusa da fitila ta ce, "Ɗiyata, wannan yaro ko agogo ne?" Na ce, "Mama, aiki ne ya yi yawa." Ta ce in bar gurbin fanko ya fi, don fanko ba ya ruɗin likitan safe.

Sai daga baya na ci karo da labarin Ignaz Semmelweis, likitan haihuwa ɗan ƙasar Hangari da ya yi aiki a babban asibitin Biyana, a ƙasar Ostiriya. Sashe biyu ne a can, ɗaya na likitoci da ɗalibansu, ɗaya na ungozomomi. A 1846 mata 459 cikin 4,010 suka rasu a sashen likitoci, galibi da zazzaɓin jego, a na ungozomomi kuwa 105 cikin 3,754. Har mata kan roƙi kada a kai su wajen likitoci. Ɗaliban kan taso daga fiɗar gawa su zo su duba mai naƙuda da hannun nan. A watan Mayun 1847 Semmelweis ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin, ɗan uwan jabel ɗin da muke goge gadon haihuwa da shi, kuma a 1848 mace-macen suka sauko ƙasa da biyu cikin ɗari.

Kowa wanke hannun yake yabawa. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗanda suka cike rajistocin da ya ƙirga, shekara da shekaru, ba wanda ya san sunansu. Da irin hannuna ne ya cike su, da bai ga komai ba.

Shi ma ina ganin laifinsa. Ya yi ta jan ƙafa, littafinsa bai fito ba sai 1861, ya rasu a 1865 a gidan masu taɓin hankali. A 2013 UNESCO ta sa rubuce-rubucen wannan bincike cikin kundin abubuwan tarihin da duniya ke adanawa.

Namu tsofaffin rajistocin suna cikin wani kabad a bayan ɗakin gardi, wato ɗakin masu aikin dare, an ɗaure su da tsumman zane. Ran nan na buɗe ɗaya ina neman haihuwar wata mata da ta dawo da ciki na shida, na tarar gara ta cinye layin da ake rubuta nauyin jariri.