Gizo-gizon da ya maƙale a waƙarmu

Yarana biyu a gida nake koyar da su, babbar shekararta shida, ƙaninta huɗu. Da muka zo kan kimiyya sai abin ya cije. In yi bayanin yadda ruwan sama ke samuwa yau, gobe in tambaya su yi mini zuru. Amma waƙar talla da suka ji sau biyu, har a wajen wanka rera ta suke yi. Na ce to, bari in shiga ta wannan ƙofar.

Baiti huɗu na tsara: rana ta ɗumama ruwa, ya tashi tururi, ya huce a sama ya zama gajimare, ya yi nauyi ya zubo. Ana rerawa ana ɗaga hannu, a ƙarshe kowa ya faɗi ƙasa. Cikin kwana uku sun haddace, ni kuwa har na fara jin kaina.

Ranar da na tafasa ruwa na nuna musu ɗigon da ya taru a murfin tukunya, na tambaya daga ina ya zo, shiru. Sai da na ja baiti na uku a hankali, sannan babbar ta zaro ido ta ce, "Umma, ashe gajimare ne a murfin!" Hadda ce kawai suka yi, ba su taɓa haɗa ta da abin da ido ke gani ba. Tun daga nan ba na sakin waƙa sai da abin taɓawa a gefenta.

Babban kuskurena a waƙar ƙwari ne. Amshin yana cewa ƙafa shida, jiki kashi uku: kai, ƙirji, ciki. Don baitin ya daidaita sai na cusa gizo-gizo tsakanin ƙuda da tururuwa. Ƙaramin ne ya tsuguna ya ƙirga ƙafafun wani a bango, ya ce takwas ne. Gaskiyarsa, jikin gizo-gizo ma kashi biyu ne, a kimiyyance ba ajinsu ɗaya da ƙwari ba. Na sauya baitin da fara, amma wata biyar ke nan, da zarar sun shagala tsohon suke rerawa.

Yanzu waƙar duniyoyin da ke kewaya rana nake shiryawa. Sai da na tabbatar takwas ne, tunda an cire Pluto daga jerin a 2006, kafin in bari kunnensu ya ji ko baiti ɗaya.