Daren Farin Wata a Chaozhou

Shekara huɗu ina zuwa sarin takalma Guangzhou, amma ban taɓa taka gidan Basine ba sai a 2023. Yaron da ke yi mini tafinta a kasuwa, wanda yanzu mun zama aminai, shi ya matsa sai na bi shi garinsu Chaozhou bikin tsakiyar kaka, wanda suke kira Zhongqiu. Ranar 15 ga wata na takwas a kalandarsu ta wata ake yin sa. A shekarar ya faɗo 29 ga Satumba, kwana biyu bayan Mauludi, ya kuma haɗe da hutun ranar ƙasa ta 1 ga Oktoba, aka sami kwana takwas ba aiki. Kowa ya nufi gida. Tashar jirgin ƙasa ba masaka tsinke.

Da yake ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana, tun jajibiri na je unguwar tsohon masallacin Huaisheng na sayi kwalin wainar wata, yuebing, a shagon Musulmi. Ashe na yi wa kaina gata ban sani ba.

Wajen awa uku jirgin ya yi yana keta gonakin shinkafa da tafkunan kiwon kifi. Mahaifiyar abokina ta tare mu a bakin ƙofa, 'yar tsohuwa mai kazar-kazar. Na gaishe ta da "Ayi", kamar ka ce inna, ta amsa da yaren Chaozhou wanda ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Kafin in zauna mahaifin ya fara zuba shayi a wasu 'yan kofuna da ba su fi rabin ɓawon ƙwai ba. Ɗaci kamar maɗaci, kuma da ka shanye sai a ƙara.

Bayan cin abincin dare mata suka hau da tebur saman soro, suka fuskantar da shi inda wata ya fito. Suka jera dafaffen gwaza, da turaren tsinke, da wani lemo mai girman ƙwaryar fura. Yara suka kawo littattafansu da alƙaluma suka ɗora, wai don karatu ya yi albarka. Abokina ya raɗa mini cewa bisa al'ada maza ba sa yi wa wata sujada, aikin mata ne. Na koma gefe na zauna, ba wanda ya ce mini don me. Wata jikanya ta zo tana nuna mini sama, tana ba ni labarin Chang'e da ta sha maganin rashin mutuwa ta tashi zuwa wata, da zomon da ke taya ta zama. Na ƙura ido, ni dai zomon bai fito mini ba.

Can a filin unguwa samari sun gina hasumiya da fasassun bulo, suka cusa itace suka kunna, suna watsa gishiri tana tartsatsi har bulon ya yi jajir.

Da aka zo rabon waina ne na gane sa'ata. Irin tasu ta Chaozhou da kitsen alade ake yin ta, har sunanta ma daga kitsen aka samo. Abokina ya yi wa tsohuwa bayani a hankali. Ba ta ɓata rai ba. Ta sauka ƙasa, ta dawo da wuƙa sabuwa fil, ta buɗe kwalina, ta ƙirga mu da yatsa. Mu takwas ne, ta yanka gida tara. Na tara ta ajiye a faranti gaban kujerar da ba kowa, rabon 'yarta da ke aure a Bangkok. Aka kira ta a WeChat, aka nuna mata farantin, sannan aka ɗaga wayar sama ta ga wata.

Wajen ƙarfe goma na zame na kira Hajiyarmu a Kano. Na ce, "Hajiya, ku leƙa ku ga wata." Ta yi dariya ta ce wane wata, su ko la'asar ba a kira ba.