Gaɓar Asaba, Inda Kawuna Ya Tsaya

Kawuna bai taɓa ba mu labarin yaƙin basasa ba. Da zarar an ambaci Anacha sai ya yi shiru, ya jawo carbi. Soja ne a Runduna ta Biyu, wadda Murtala Muhammed ya jagoranta. Bayan rasuwar kawun nawa, Allah ya jiƙansa, na ƙudura sai na ga wurin da idona.

Da asuba muka bar Kaduna, muka bi ta Lakwaja, Okene, Auchi da Agbor, ba mu shiga Asaba ba sai bayan isha'i. Da gari ya waye na gangara bakin kogin Kwara. Wallahi ban zaci faɗinsa ya kai haka ba. Ga Anacha can a ƙetare, ana hango rufin gidajenta. A watan Oktoba na 1967 sojojin Biyafara da suka ja da baya sun karya gadar da ta haɗa Asaba da Anacha, sai aka zuba su kawu cikin jiragen ruwa wai su haye, alhali bindigogi na jiransu a ɗaya gaɓar. Waɗanda suka isa har kasuwa suka shiga, aka fatattako su. Aka sake gwadawa, ruwa ya sake cin mutane. Yawancinsu samari ne sababbin ɗauka. Sai da rundunar ta zagaya ta Idah, ta biyo ƙasa, sannan Anacha ta faɗi a watan Maris na 1968.

Na daɗe a tsaye ina yi musu addu'a.

Amma abin da ya hana ni barci yana cikin garin Asaba ne, a unguwar Ogbe-Osowa. Ranar 7 ga Oktoba, 1967, mutanen Asaba sun fito sanye da fararen kaya don nuna goyon baya ga Najeriya ɗaya. Sojojin tarayya suka ware maza da samari, suka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu. Rundunar su kawu ce, kuma ba zan ɓoye wannan ba.

Ina karanta sunayen da aka rubuta a wurin tunawa da su, wani dattijo ya dubi hulata, ya ce da Hausa tsantsa, "Ɗana, daga ina?"

Na ce, "Daga Kaduna, Baba."

A Sabon Garin Kano ya girma, sai a 1966 suka gudo gida. Ya kama hannuna, ya ɗora yatsana a kan wani suna. Ya ce, "Yayana ne."