Ƙwayoyin da na tarar a cikin samira

Da na zo rubuta kundin digirina na biyu a fannin lafiyar al'umma, zazzaɓin cizon sauro na zaɓa, don ba gidan da ba ya shiga a wajenmu. Nijeriya kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya. A lokacin kuwa maganar allurar rigakafin R21 ce a bakin kowa. Masana a Jami'ar Oxford suka haɗa ta, kamfanin Serum na Indiya ke sarrafa ta, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince da ita a watan Oktoba na 2023. A Fabrairun 2024 mujallar Lancet ta buga sakamakon gwajin da aka yi wa yara kusan 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya.

Na karanta taƙaitawar da ke saman takardar, na ga kashi 75, sai na rubuta a babina na biyu cewa allurar na kare yara 75 cikin kowane 100. Malamin da ke duba aikina ya zagaye wurin da jan biro, ya ce, "Malama, kashi 75 na me?" Na yi tsuru-tsuru. Ya ce in je in karanta takardar daga farko har ƙarshe, in dawo.

Kwana uku na yi a kanta. Ashe yaran kashi biyu aka raba su: wasu aka yi musu R21, wasu aka yi musu rigakafin ciwon haukan kare don a samu abin kwatance. Abin da kashi 75 ke nufi shi ne, cikin wata 12, yawan kamuwa da zazzaɓin a rukunin farko ya yi ƙasa da na rukuni na biyu da kashi uku cikin huɗu. Wannan ma a wuraren da cutar ke zuwa da damina ne, inda aka yi allura uku gab da faɗuwar ruwa. A sauran wuraren kashi 68 aka samu. Kunya ta kama ni, amma gara da ta kama ni a ofis, ba a gaban masu jarrabawa ba.

Nawa binciken ƙarami ne. Ya shafi ƙwayoyin rigakafin da ake bi gida-gida ana raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata a lokacin damina, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa tun 2012. Ranar farko mai rabo ke ba yaro maganin a gabansa, sai ya bar wa uwa ƙwaya biyu na amodiyakwin, ɗaya gobe ɗaya jibi. Tambayata ita ce: waɗannan biyun ana ba da su kuwa?

Na samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike, na kai gaisuwa wurin dagaci, ya haɗa ni da mai unguwa. Da yake ni mace ce, shiga gidaje bai ba ni wahala ba. Wahalar farko daga layin farko na takardar tambayoyina ta fito, inda aka ce a rubuta sunan yaro. In ɗan fari ne, uwar sai ta sunkuyar da kai, sai kaka ko kishiya ta faɗa. Ni da na tashi cikin wannan alkunya, ban tuna da ita ba sa'ad da nake tsara tambayoyi a gaban kwamfuta.

Mako biyu ina tambaya, "Kin ba shi na kwana na biyu da na uku?" kowa na ce mini eh. Har na fara murna aiki zai yi sauƙi. Ran nan a wani gida, bayan uwar ta ce eh na shigar a waya, surukarta da ke gefe tana ɓarar gyaɗa ta ce, "Ke dai faɗa wa baƙuwa gaskiya." Matar ta yi dariya, ta shiga ɗaki, ta ɗauko samira daga cikin jere, ta buɗe. Ga katin magani har uku, kowanne da ƙwaya biyu ba a ɓalle ba.

Na ce, "Yaya, me ya hana?" Ta ce, "Malama, yaro yana wasansa lafiya lau, in ɗura masa magani? Na ajiye ne sai ranar da jikinsa ya yi zafi." Ba sakaci ba ne, tattali ne irin na wadda ta san kuɗin magani a kemis. Ba wanda ya zauna ya fahimtar da ita cewa wannan na tsare cuta ne kafin ta zo, kuma sai an cika kwana ukun yake aiki yadda ya kamata.

Tambayata ce ta nuna musu amsar da nake so, wa kuma zai ce wa baƙuwa mai riƙe da waya a'a a tsakar gidansa? Na sauya ta zuwa, "Ko zan ga katin maganin watan nan?" Sauyin ya sa sai da na koma wa kwamiti, na yi jiran da ya cinye mini zagaye guda na rabon, bayanan mako biyun nan kuma na jingine su gaba ɗaya. Daga nan ne na fara jin dalilai na gaske. Wata yaronta ya yi amai ran farko ta tsorata, wata ta raba da yayansa da ya haura shekara biyar don ba ta ga dalilin a ba wani a hana wani ba.

A Disamban 2024 aka fara yi wa yara R21 a Kebbi da Bayelsa. Allura huɗu ce, ta ƙarshen sai bayan watanni. Da na ji sanarwar a rediyo ina tsaka da gyaran babi na biyar, na ƙara layi ɗaya a shawarwarina: duk wanda zai bi sawun allura ta huɗu, ya nemi a nuna masa kati.