Ranar da na mayar wa MGB ɗina tayoyinta na asali

Asabar. Tun da sanyin safiya na shiga gareji da niyyar kawo ƙarshen wani abu da ya shafe wata uku yana damuna game da tsohuwar motata MGB GT. Wanda ya riƙe ta kafin ni ya cire wilinta na asali mai inci 14, ya sa mai inci 15 da taya 195/60, kuma ba na musun cewa hakan ya ƙara mata kwarjini idan tana tsaye. Amma duk lokacin da zan faka ta sai na kama sitiyari da hannu biyu ina kokawa da shi, a kan kwaltar da manyan motoci suka lotsa kuwa sai ta riƙa bin kwarin hanyar tana fizgata dama da hagu. Yau da na ɗaga ta da jak na leƙa cikin madgad na baya, sai na ga wani wuri mai faɗin yatsu biyu inda gefen taya ya goge fenti har ƙarfe yana ƙyalli.

Kafin na kwance noti ko ɗaya, na zauna da takarda na yi lissafi. Lambar farko a jikin taya faɗinta ce a milimita, ta biyu kuma tsayin gefenta ne a matsayin kaso na wannan faɗin. Saboda haka gefen tayar asali, wato 165/80, ya kai milimita 132, na 195/60 kuwa 117 ne kawai. Idan aka haɗa da wili, tsayin ta farko daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 620 ne, ta biyu kuma 615. A nan dole na yaba wa mutumin, domin ya kula da tsayin, bambancin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Da 195/65 ya saka, da tsayin ya kai kusan 635, agogon gudu ya riƙa nuna 100 alhali motar tana yin sama da 102, kuma ta yi nauyin tashi a kowace giya. Matsalata ke nan tana cikin ƙarin faɗin milimita 30 da kuma gajeren gefe.

Abin da na daɗe ban fahimta ba shi ne, faɗaɗa taya ba ya ƙara girman wurin da take taɓa ƙasa kamar yadda ido ke zato, tunda nauyin mota da yawan iskar da ke ciki ne suka fi yanke wannan. Siffar wurin ce take canjawa: na siririyar taya dogo ne daga gaba zuwa baya, na faffaɗa kuwa gajere ne mai faɗi. To, MGB da aka fara ƙerawa a Abingdon ta Ingila a 1962 mota ce da bodinta ke kishingiɗa sosai a kwana, bayanta yana kan aksil guda da sifirin mai falle-falle, sitiyarinta kuma ba shi da na'urar sauƙaƙa juyi. Idan ta kishingiɗa, tayar gaba ma tana karkata tare da ita. Siririyar taya mai zagayayyar kafaɗa ba ta damu da wannan ba, amma faffaɗa mai shimfiɗaɗɗen zane sai ta ɗaga gefe ɗaya, ta riƙe hanya da ƙarfi har zuwa wani matsayi, sannan ta saki ba tare da gargaɗi ba.

Da na ciro wili na farko mai inci 15 na ɗaga shi, sannan na ɗaga na asalin da sabuwar 165 a jikinsa, hannuna ya shaida bambancin nauyin tun kafin na nemi sikeli. Wannan nauyi ba ya kan sifirin, yana ƙarƙashinsa ne, don haka duk rami da tudu sai tsofaffin shok ɗin motar sun yi fama da shi kafin su mayar da taya kan kwalta. Injin mai cc 1798 kuma shi ne zai juya shi duk lokacin da na taka totur, birki ya tsayar da shi.

Da la'asar na fita gwaji a hanyar da na saba bi. Tun daga bakin gareji na ji sitiyari ya yi sauƙi, yatsuna suna jin abin da tayoyin gaba suke takawa. A gargada, dogon gefen tayar yana shanye ƙananan duka kafin su iso kujera, ƙarar da allon gaba yake yi ma ta ragu. A wata doguwar kwana na ƙara wuta kaɗan, sai na ji bayan motar yana zamewa a hankali, yana ba ni lokacin gyarawa. Gaskiya ne cewa da faffaɗar taya ina shiga wannan kwanar da gudu fiye da haka idan hanya a bushe take, kuma wanda yake tsere a fili mai santsi yana da hujjar zaɓenta. Sai dai a ruwan sama faffaɗar ta fi saurin hawa kan ruwa, ni kuwa a hanya nake tuƙi.

A hanyar dawowa na tuna cewa Jaguar E-Type ta 1961 ta kai kusan kilomita 240 a awa a gwaji, kuma tayar da take fitowa da ita daga masana'anta 6.40-15 ce, wadda a yau za a ce siririya ce. Tayoyi masu gajeren gefe irin Pirelli P7 sai a shekarun 1970 suka fito, motocin da suka amfana da su kuma an tsara ƙafafunsu da madgad ɗinsu ne dominsu. Gobe da safe, idan tayoyin sun huce, zan sake auna iskarsu, na ƙara ɗaure notoci, sannan na shafe wurin da ya goge a madgad kafin tsatsa ta kama shi.